Furen Da Ke Gyara Zuciya, Yake Kuma Tsayar Da Ita

A hutun da ya wuce na raka kakata asibiti, likita ya rubuta mata digoxin, 'yar ƙwaya mitsitsiya, ɗaya tak a rana. Sau uku yana maimaitawa: kar a ƙara. Wannan jan kunne ne ya sa na bi diddigin maganin.

Ashe daga ganyen foxglove ake samo shi, wani tsiro na ƙasashen Turai mai furanni kamar ƙararrawa. A 1785 wani likitan Ingila, William Withering, ya wallafa yadda ya shafe shekara goma yana gwada ganyen a kan masu kumburin jiki. Maganin yana ƙara wa bugun zuciya ƙarfi, ya rage masa gaggawa. Jini na gudana sosai, sai ƙoda ta fitar da ruwan da ya taru.

To amma fa tsakanin magani da guba tazarar kaɗan ce. Da ya ɗan wuce ƙima, sai amai da jiri, mutum ya riƙa ganin komai rawaya-rawaya, bugun zuciya ya rikice, wani sa'in ta tsaya cak. Masu haɗa shi da maganin fitsari irin su Lasix sun fi shiga haɗari, don yana zubar da sinadarin potassium.

Mu nan ba mu da foxglove, amma tumfafiyar bayan hostel ɗinmu na ɗauke da guba dangin wannan, haka ma kwankwanin da maharba ke shafa wa kibiya.

Kakata kuwa cewa ta yi a ba ta bibbiyu ta warke da wuri. Tun ranar kwalbar take hannun mamana.