Hotunan Mandawari Da Suka Ɓace: Abin Yi Sa'ad Da Katin Kyamara Ya Ƙi Buɗewa

Akwai wani saurayi a ƙungiyar mawaƙan ikkilisiyarmu wanda yake neman abincinsa da kyamara. Kwanakin baya wani abokinsa da suka yi makaranta tare ya gayyace shi cikin birni, unguwar Mandawari, domin ya ɗauki hotunan ɗaurin auren ƙanwarsa. Mandawari tsohuwar unguwa ce a ƙaramar hukumar Gwale. Masana tarihi suna danganta sunanta da Mandawali, ɗaya daga cikin Wangarawan da suka zo Kano daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Ba kowane baƙo ake ba izinin ɗaukar hoto a zaurukan irin waɗannan gidaje ba. Amana ce aka ba yaronmu, shi ma ya san haka.

A ranar an fito da kakan amarya ƙofar gida, tsoho tukuf, aka zaunar da shi a kan darduma, 'ya'ya da jikoki suka kewaye shi, aka ɗauka. Can da yamma batir ya mutu daidai lokacin da kyamara take ajiye wani hoto. Da ya sa sabon batir, sai kyamara ta ce ba ta gane katin ba, sai an yi masa fomat. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Kafin mako biyu tsohon ya rasu, iyalin kuma suka aiko suna roƙon wannan hoto guda, gama shi ne na ƙarshe da aka ɗauke shi.

Haka ya zo wurinmu, idanunsa sun yi ja. Mu ba masana kwamfuta ba ne, amma mun zauna tare da shi da wani ɗan'uwa mai gyaran kwamfuta har dare, muka koyi abubuwan da muka ga ya kamata mu faɗa wa jama'a. Gama yanzu da wuya a sami gidan da ba shi da katin ajiya, wanda ake kira memori, cike da hotunan aure, da na suna, da na bikin godiya, da na iyayen da suka riga mu gidan gaskiya.

Ina Hoton Yake Tafiya?

Katin SD da muke sa wa kyamara ya fito ne a 1999, aikin haɗin gwiwar kamfanonin SanDisk da Toshiba da Panasonic. Ba fim a cikinsa, ba kuma abin da yake juyawa. Abu biyu ne kawai: ma'ajiya mai riƙe bayani ta hanyar tara ɗan cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna masu yawan gaske, da kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa mai kula da shiga da fita.

Bari mu kwatanta shi da gidan haya irin na Sabon Gari. Ɗakuna suna nan jere, mai gida kuma yana da littafi inda ya rubuta wane ne a ɗaki na ɗaya, wane ne a na biyu. Sa'ad da ka share hoto, ba a fitar da ɗan haya ba. Sunansa kawai aka soke a littafi, aka rubuta cewa ɗakin ba kowa. Yana nan zaune har ranar da aka kawo sabon ɗan haya, sa'an nan ne za a watsar da kayansa. Fomat na gaggawa kuwa, wanda yawancin kyamarori suke yi, sabon littafi ne ake buɗewa, ba a taɓa ɗakunan ba.

To, sa'ad da batir ya mutu ana cikin rubutu, ko aka zare kati kyamara tana aiki, sau da yawa littafin ne yake lalacewa. Kyamara ta duba, ta kasa karantawa, sai ta ce a yi fomat. Masu ilimin kwamfuta suna kiran wannan littafi FAT32 a katunan da ba su wuce gigabait 32 ba, a waɗanda suka fi haka girma kuma exFAT. Ko mutum bai riƙe sunayen ba, ya riƙe wannan: kati ya ƙi buɗewa ba ya nufin hotuna sun tafi.

Kuskuren Da Ya Ci Mana Hotunan Safe

Kafin yaronmu ya zo wurinmu, wani ya ba shi shawara ya yi fomat, wai katin zai warke. Ya yi. Sa'an nan, domin ya gwada, ya ɗauki hotuna kamar goma a wurin koyon waƙa. Fomat ɗin bai yi ɓarna sosai ba. Hotunan gwajin nan su ne suka yi ɓarna, domin bayan fomat kyamara takan soma rubutu daga ɗakunan farko, wato daidai inda hotunan safiyar ɗaurin aure suke. Waɗannan sun tafi ke nan, ba wanda zai iya komo da su. Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido.

Saboda haka doka ta fari ita ce, da zarar kati ya nuna matsala, a kashe kyamara, a cire shi, kada a ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya da shi. In kwamfuta ta tambaya ko a yi fomat, ko a gyara katin, a ce a'a. Gyaran da kwamfuta take yi rubutu ne a kan katin, kowane rubutu kuwa yana iya danne wani hoto. A gefen babban katin SD akwai wani ɗan makulli da ake turawa ƙasa. A tura shi, domin yana hana rubutu. Ƙaramin kati irin na waya ba shi da makulli, amma gidan da ake zura shi a ciki yana da shi.

Yadda Muka Yi

Da fari mun duba bakin katin, wurin da yake kamar zinariya. Ƙurar hunturu da gumin hannu sukan hana shi haɗuwa da kyau. Mun goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi, muka zura shi a na'urar karanta kati, wadda 'yan kasuwa suke kira kad-rida. Yana da kyau a gwada na'ura biyu, gama wani lokaci laifin ba na kati ba ne. Kwamfuta ta ga katin, ta kuma nuna girmansa daidai. Wannan alama ce mai faranta rai, domin tana nuna ƙwaƙwalwar katin tana da rai.

Na biyu, ɗan'uwan nan ya kwafe katin gaba ɗaya, ɗaki bayan ɗaki, zuwa cikin kwamfuta, ya cire shi ya ajiye. Duk aikin da ya biyo baya a kan kwafin aka yi. Dalilinsa shi ne katin da ya soma ciwo yana iya mutuwa ana cikin bincike.

Na uku, ya buɗe wata manhaja mai suna PhotoRec. Wani Bafaranshe ne, Christophe Grenier, ya rubuta ta, kyauta kuma ake samunta a intanet tare da 'yar'uwarta TestDisk. Ita ba ruwanta da littafin mai gida. Ɗaki ɗaki take bi tana ƙwanƙwasawa. Kowane irin fayil yana da alamarsa a goshi, kamar yadda ake gane mutum da tsagen fuskarsa. Hoton JPEG, alal misali, kullum da alamar FF D8 yake farawa. Duk inda ta ga wannan alama sai ta kwaso abin da ya biyo baya ta ajiye. Ta san alamun fayiloli iri fiye da 400. Akwai kuma Recuva, wadda take aiki a Windows, ta fi sauƙi ga wanda bai saba ba.

A nan sai a kiyaye: manhajar za ta tambayi inda za ta zuba abin da ta samo. Kada a ce ta zuba a cikin katin da ake bincike. Yin haka daidai yake da kawo sababbin 'yan haya alhali ana neman tsofaffin. A zaɓi wani wuri a cikin kwamfuta.

Hotunan da suka komo ba su zo da sunayensu na dā ba, lambobi ne kawai, amma kwanan wata da lokacin da aka ɗauka suna nan a cikin kowane hoto, da su muka jera su. Waɗansu sun zo rabi hoto rabi toka. Bidiyo ya fi wuya, domin babba ne, sau da yawa a warwatse yake a ɗakuna dabam dabam. Wajen ƙarfe goma na dare sai ga tsohon a kan dardumarsa. Sau uku aka ɗauke shi, biyu sun fito lafiya lau. Yaronmu ya rufe fuskarsa da hannu, ya daɗe bai ce kome ba.

Inda Manhaja Ba Ta Da Iko

Kada mu ruɗi kowa, ba kowane kati yake komowa ba. In kwamfuta ba ta ga katin sam ba, ko ya tsage, ko yana zafi in an zura shi, to ƙwaƙwalwarsa ce ta lalace. Wannan sai ƙwararru masu kayan aiki na musamman, kuɗinsu kuma ba kaɗan ba ne. Haka nan in an yi cikakken fomat, wanda yake bin kowane ɗaki yana sharewa, kamar yadda Windows take yi tun daga Vista in an cire alamar gaggawa, ba sauran abin nema. Hotunan da aka share daga cikin wayar zamani kanta, ba daga kati ba, su ma da wuya su komo, domin wayoyin suna kulle bayanansu da mabuɗin sirri.

Sai kuma jabun kati, wanda ya cika kasuwanni. An rubuta masa gigabait 64 a jiki, kwamfuta ma ta ce 64, alhali ainihin cikinsa bai fi 8 ba. Zai yi aiki lafiya har ya cika ainihin girmansa. Daga nan duk abin da aka ƙara, ko dai ya bi iska ko ya danne na baya, kyamara kuwa tana nuna kome lafiya. Abin da ba a taɓa rubutawa ba, ba mai iya nemo shi. Akwai manhaja ta kyauta mai suna H2testw wadda take cika sabon kati da bayani ta sāke karantawa, ta faɗi gaskiyar girmansa. A gwada kati da ita tun ba a kai shi wurin biki ba. Araha ba ta ado.

Maganar Amana

Akwai abin da ya ba mu tsoro a daren nan. Tare da hotunan Mandawari, sai ga hotunan waɗansu bukukuwa da yaron ya share tun watanni da suka wuce. Wato duk wanda ka miƙa wa katinka zai iya ganin abin da kai kake tsammani ya tafi. A katin nan akwai hotunan matan gidan mutane da aka ɗauka a cikin gida. Da mun bar shi a wani shago mun tafi, da mun sa mutuncin iyalin da suka amince da mu a hannun wanda ba mu sani ba.

Don haka in za a kai kati gyara, a Farm Centre ne ko a titin Beirut ko a ko'ina, a nemi wanda aka sani, a zauna a yi aikin a gaban mai kati, a kuma tabbata an share kwafin daga kwamfutar mai gyara. Wanda zai sayar da tsohon kati ko ya ba da shi kyauta, sai ya yi masa cikakken fomat tukuna.

Rigakafi

Kati jakar tafiya ce, ba rumbu ba ne. Cajin da yake riƙe hoto yana zurarewa a hankali in an ajiye kati shekaru ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana ƙara saurin zurarewar. Mun san zafin Kano a watan Afrilu, sa'ad da yakan kai digiri 40. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa wata ka'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, 1 daga ciki kuma a wani wuri dabam. Gobarar da ta tashi a kasuwar waya ta Farm Centre a watan Yuni 2025 ta isa ta tuna mana dalilin wannan na ƙarshe. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta. In kuwa ta WhatsApp za a tura wa ɗan'uwa ya ajiye, a tura a matsayin fayil, domin in an tura yadda aka saba ana rage ingancin hoton.

Ga masu ɗaukar hoto a bukukuwanmu: ku canza batir tun bai mutu ba. Kada ku zare kati alhali 'yar fitilar rubutu tana ƙiftawa. Gara ƙananan katuna biyu ko uku da babba guda ɗaya. Ku kwashe hotuna a daren da kuka ɗauka, ku buɗe su a kwamfuta ku gani da idonku, sa'an nan ku yi wa katin fomat a cikin kyamarar da zai yi aiki.

Kada kuma mu raina takarda. Wanda ya shiga Gidan Makama zai ga hotunan Kano ta dā rataye a bango, ba sa bukatar batir ko manhaja. Sakatarorin ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata, ku zaɓi hotuna masu muhimmanci na kowace shekara a wanke su, a rubuta suna da kwanan wata a baya.

Mun shawarci yaronmu ya faɗa wa iyalin gaskiya game da hotunan safe, kada ya ƙirƙiro wani dalili. Ya wanke hoton tsohon babba, ya sa a gilashi, muka raka shi Mandawari yin ta'aziyya. A zaure ya yi bayani, kansa a sunkuye. Babban ɗan marigayin ya karɓi hoton, ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce, "Ba kome, ɗana. Wannan ɗin muke nema." Ya kira wani yaro ya ce ya kai cikin gida a nuna wa tsohuwa.