Jirgin da Ke Kawo Mana Shinkafa

Shinkafar da iyayenmu ke saye a kasuwar Nima, da yawanta ta habo na Tema take shigowa, wanda aka buɗe a 1962. To, yaya ƙarfe mai nauyi haka ba ya nutsewa?

Ku ɗora tukunya bisa ruwa ku gani. Faɗin cikinta ne ke riƙe ta. Haka jirgi yake, kuma an raba cikinsa ɗaki-ɗaki, in ruwa ya shiga ɗaya ba zai wuce sauran ba.

Kaya suna cikin kwantena, mai ƙafa 20 ko 40, a jera bisa juna, a kulle kusurwoyi. Na kaji da kifi suna da firji. Inji yana baya, shi ke juya farfela. In kaya ba yawa, sai a ɗura ruwan teku cikin tankunan ƙasa don kar jirgi ya kife.

A jikinsa akwai layi. In ruwa ya rufe layin nan, lodi ya wuce ƙa'ida, rayukan ma'aikata na cikin haɗari. Wa za ta gaya wa direbobin trotro ɗinmu?

Allah ya kiyaye matafiya, amin.