Abin da ya sa zaɓen Kenya na 2007 ya ci rayuka

Tun 1964 iko a Kenya ya taru a hannun shugaban ƙasa. A wancan zamani shi ke naɗa manyan jami'ai, shi ke da ta cewa kan rabon filaye da ayyukan raya ƙasa, don haka kowace ƙabila ta ɗauki zaɓe a matsayin ko a mutu ko a yi rai.

A Disamban 2007 aka ce Mwai Kibaki, ɗan ƙabilar Kikuyu, ya kayar da Raila Odinga, ɗan Luo. Rikici ya ɓarke, sama da mutum 1,000 suka hallaka.

Bayan rikicin, kundin tsarin mulkin 2010 ya kafa gundumomi 47, kowacce da zaɓaɓɓen gwamnanta da kasonta na kuɗi. Gyaran ya dace ƙwarai, amma har yau ƙawancen manyan ƙabilu ne ke da rinjaye wajen fitar da shugaban ƙasa.