Abin Da Ke Riƙe Taki A Cikin Ƙasa

'Yan'uwa manoma, sau da yawa a taron ƙungiya akan yi wannan kuka: mun sayi buhun taki da tsada, mun zuba, ruwa ya sauka kwana biyu, gero bai nuna ya ci ba. Ina takin ya tafi? Amsar tana cikin ƙasar da muke nomawa.

Ƙasarmu ta Ɗanzomo, har zuwa Gumel da Maigatari da Gagarawa, jigawa ce, yawancinta rairayi. Ƙwayar rairayi muna ganinta da ido. Amma a tsakanin rairayin akwai yumɓu kaɗan, wanda ƙwayarsa ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba. A 1930 masana a Amurka suka haska yumɓun ƙasa da hasken eksire, suka ga ashe faifai ne sirara, an jera su kamar takardun littafi. Kaurin faifai ɗaya wajen nanomita ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Sai an jera irinsu wajen 80,000 kafin su kai kaurin gashin kai guda.

Ƙanƙantar nan ita ce ƙarfinsu. Baƙar lakar fadama mai tsagewa da rani, in an shimfiɗa faifan da ke cikin ƙaramin cokali ɗaya nata, za su rufe fili mai faɗin gaske. Fuskar kowane faifai kuma tana jawo abincin shuka ta riƙe, kamar yadda mayen ƙarfe yake kama allura: fotash, da sinadarin farar ƙasa, da amoniya. Saiwa ta zo ta karɓa kaɗan-kaɗan. Wani Bature mai suna Thomas Way ya gwada wannan a Ingila tun 1850. Ya zuba ruwa mai amoniya a kan ƙasa, ruwan ya tsiyaye, amoniyar ta zauna.

Rairayi ba shi da wannan riƙo. Ɗan yumɓun da ke gonakinmu na tudu ma irin mai rauni ne. Abin da ke cetonmu shi ne ruɓaɓɓen taki. Kashin dabbobi da kara da ganye in sun ruɓe sarai sukan zama baƙin gari mai laushi, wanda riƙonsa ya fi na yumɓun tudu sau goma ko fiye, yana kuma tsare laima.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta yi. Kada mu ƙone karan da ya rage a gona. Ko hunturu yakan kawo mana ƙura mai laushi daga Cadi, kara da ciyawa su ke tare ta. Mu kai takin gida gona tun da bazara, mu shirya da makiyaya su kwantar da shanu a gonakinmu bayan girbi. Mu bar gawo ya tsaya, gama yakan zubar da ganyensa da damina. Ƙasar tsohon suri tana da yumɓu, a baza ta.

Yuriya kuwa a raba ta biyu, a tona a rufe kusa da gindin shuka. A cikin ƙasa takan zama amoniya, bayan 'yan kwanaki ta juye wani sinadari wanda yumɓu ba ya kamawa, ruwa mai yawa ya tafi da shi. Wanda ya zuba duka rana ɗaya ya yi wa ruwa kyauta.

Ubangiji ya ba mu amanar ƙasar nan domin mu miƙa ta ga 'ya'yanmu da ƙarfinta. Kowace ƙungiya ta ware kunya goma bana ta gwada, mu kwatanta da kaka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.