Ɗanƙwairo da Mutanen da ke Bayansa

A shagunan masu tura waƙa a waya, daga Ikara zuwa Maƙarfi da Kudan, har gobe ana neman waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ko da yake ya rasu tun 1991. Sunansa kaɗai ake kira, alhali abin da kunne ke ji aikin ƙungiya ce sukutum.

Kiɗan gadon gida ne. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin fada ne a Maradun ta jihar Zamfara ta yau, kuma a bayansa Musa ya fara amshi tun yana yaro. Ko laƙabin ma daga cikin ƙungiyar ya fito: akwai wani yaron mahaifinsa mai zaƙin murya da ake kira Ɗanƙwairo, da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa sai sunan ya bi shi. Da Ɗankwanda ya rasu, Kurna, wan Musa, shi ne ya gaji jagoranci, Musa ya zama daudun kiɗi, wato mataimaki mai jiran gado. Daga baya ya ja tasa ƙungiyar, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa 'Yandoton Tsafe da Sarkin Kano Ado Bayero.

A kasa kunne da kyau a ji yadda suke aiki. A wajen Mamman Shata, 'yan amshi gindin waƙa kawai suke maimaitawa, shi kaɗai ke zuba ɗiya a kan kalangu. Gidan Ɗanƙwairo ba haka ba ne. Jagora zai ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da nasu, kuma hannuwansu na kan kotso duk tsawon lokacin. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an tsara waƙar tare, an haddace ta. A ganina rabin daɗin waƙar Ɗanƙwairo a bakin waɗannan mutane yake.

Amma wa ya san sunayensu? A kwatanta da Amurka, inda akwai ƙungiyar Lynyrd Skynyrd ta birnin Jacksonville. Jagoranta Ronnie Van Zant ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 20 ga Oktoba 1977, ƙaninsa Johnny ya karɓi waƙa a 1987. Can duk wanda ya taɓa riƙe jita ko ganga a ƙungiyar, sunansa na jikin faifai, an san shekarar shigarsa da ta fitarsa. Kaset ɗinmu kuwa sunan jagora da hotonsa kawai suke ɗauka.

Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi ƙoƙari wajen rubuta tarihin makaɗan baka, amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. 'Ya'ya da jikokin 'yan amshin nan suna raye, kuma ɗaliban Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya za su iya zuwa Maradun su tambaye su wa ya riƙe wane kotso, a wace waƙa.