Tsohon Kwanon Dish Zai Iya Jawo Mana Intanet

A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, ciki har da Birnin Gwari, saboda matsalar 'yan bindiga. An dawo da su a Nuwamba, amma mu 'yan ƙauyukan bakin daji irin su Saminaka mun san dawowar layi daban, ƙarfinsa daban. Duba sakamakon WAEC kaɗai kan sa ɗalibi ya hau tudu.

Tsohon kwanon dish na iya rage mana wannan wahalar. An lanƙwasa shi ne domin ya tara siginar da ta faɗo masa a wuri ɗaya, daidai inda ɗan kansa yake. Sai mu cire kan, mu ɗaure modem a gurbinsa cikin robar da ruwa ba ya shiga. Mu ɗaga kwanon a kan sanda, ya fuskanci turken sadarwa mafi kusa, muna juya shi sannu a hankali har sigina ta ƙaru. Wayoyinmu sai su kama Wi-Fi daga modem ɗin.

Mu lura, kwano tarawa yake yi, ba ya haifar da sigina. In an kashe turke, babu abin da zai kamo. Ganyen bishiya, musamman jiƙaƙƙe, yana raunana ta, shi ya sa tsawon sanda ke da muhimmanci.

Ƙannenmu, ku nisanci wayar lantarki, kada ku taɓa sandar in hadari ya taso.