Umartau da jimlar ɓoye mai aiki a Sifaniyanci: abin da Bahaushe ya riga ya mallaka

Sassa biyu na nahawun Sifaniyanci kan wahalar da masu koyo: sigar aikatau da ake kira subjuntivo, da jimlar da ba ta ambaton wanda ya yi aiki. Ɗalibin da ya taso a Ɗan Barto, garin kan iyaka tsakanin Matameye da Daura, yakan tunkare su ta Faransancin makaranta, alhali Hausarsa ta fi kusa da su.

Subjuntivo na bayyana abin da ake so, ko fata, ko hani, wato abin da bai tabbata ba tukuna. Aikin umartau ke nan a Hausa. Quiero que vengas daidai yake da "ina so ka zo", para que coma kuma "domin ya ci". Addu'a ma haka: ojalá llueva, "Allah ya kawo ruwa". A wajen hani kamar ta fi fitowa, domin no vengas da "kada ka zo" dukansu da wannan siga aka gina su, Faransanci kuwa ya bi wata hanya daban.

Inda ake tuntuɓe shi ne bayan cuando, in ana maganar abin da ke gaba. Bafaranshe zai ce quand tu arriveras da sigar lokaci mai zuwa, Bahaushe ya ce "idan ka iso" da sigar shuɗaɗɗe, amma Sifaniyanci sai cuando llegues. Nan babu harshen da zai agaza, sai hadda. Ga kuma sigar baya, viniera ko viniese, wadda ke raye a bakin mutane, ba kamar takwararta ta Faransanci da ta koma cikin littattafai ba.

Ɓoye mai aiki ya fi sauƙi. Jimla irin la casa fue construida ta fi yawa a jarida. A kasuwa kalmar se ake ji: se vende mijo, "ana sayar da gero". Sai dai aikatau na bin adadin kayan, se venden cabras, yayin da "ana" ba ta sauyawa. Rukuni na 7 a tsarin aikatau na Hausa da F. W. Parsons ya fitar a 1960, irin su "buɗu", yana kusa da la puerta se abrió, "ƙofa ta buɗu". Idan Sifaniyanci ya ambaci mai aikin da kalmar por, Hausa dole ta juya jimlar ta sa shi a farko.